Mashayin da ya ruɗe, allura ake fara yi masa kafin wa'azi

A watan Fabrairun 2022 Hukumar Hisbah ta Jihar Kano ta sa katafila ta bi ta kan kwalaben giya kusan miliyan huɗu a Tudun Kalebawa. Aka yi kabbara, aka ɗauki hotuna, 'yan Kudu suka taso da tsohuwar maganarsu ta rabon harajin giya, namu suka mayar musu da martani, bayan kwana biyu kowa ya kama gabansa. Abin da ban ji kowa ya tambaya ba shi ne, da ba a kama kwalaben nan ba, cikin wa za su shiga? Ɗan kasuwa ba ya loda tirela ya nufi garin da babu mai saye. Duk wanda ya san Kano kuwa ya san ba mazauna Sabon Gari kaɗai ke shanye abin da ake shigowa da shi ba. Akwai masu sunaye irin namu, da hularsu da carbinsu, waɗanda in magariba ta kawo jiki sai su karkata kan babur ko mota zuwa mami, ko wani lungun da ba a faɗa wa iyali. Akwai kuma waɗanda ba su da kuɗin kwalba, sai 'yar giyar leda da ake cusawa a aljihu, wadda hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta fara aiwatar da haramcinta a Fabrairun 2024 kamfanoni suka yi mata ca. A ƙauyukan da muke cuɗanya da maƙwabta ga burkutu, ga ogogoro.

Ba ni da ja a kan haramcin giya, kuma ban zo neman a sassauta wa kowa ba. Maganata a kan ranar da irin wannan mutumin zai wayi gari yana tangaɗi alhali bai sha komai ba, yana kallon matarsa kamar baƙuwa, yana tambayar wane gari ake. A wannan rana wa'azi ba ya shiga kunnensa, bulala ba ta da abin da za ta gyara. Abin da ya rage tsakaninsa da rasa hankalinsa har abada wata allura ce mai araha, kuma ina ganin yadda muke rufe maganar shan giya a gidajenmu shi ne babban abin da ke hana allurar nan isa gare shi a kan lokaci.

Kusan duk ƙarfin da ƙwaƙwalwa ke aiki da shi daga suga take samunsa, amma ba ta iya sarrafa sugan sai da taimakon wani sinadari da ake kira tayamin, wato bitamin B1. Jiki ba ya haɗa shi da kansa, daga abinci yake zuwa: wake, gyaɗa, nama, hanta, gero da dawa waɗanda ba a surfe su har dusa ta ƙare ba. Abin da mutum ke buƙata a rana bai wuce miligiram ɗaya da ɗoriya ba, sai dai ajiyar da jiki ke iya yi ƙarama ce ƙwarai, miligiram 30 zuwa 50, kuma cikin mako biyu zuwa uku sai ta ƙare in babu ƙari. Giya kuwa ta ko'ina take kai wa ajiyar nan hari. Wanda ya daɗe yana sha ba ya jin yunwa, kuɗin cefanen ma sau da yawa can suka tafi. Ɗan abin da ya ci, giyar na hana hanji tsotse bitamin ɗin da ke ciki. Hantar da ya kamata ta adana shi ta gaji. In aka ƙara da amai na 'yan kwanaki ko gudawa ko zazzaɓi, shi ke nan, wasu ƙananan wurare a can tsakiyar ƙwaƙwalwa sai su fara kumbura suna tsattsafar da jini.

Wani likitan Jamus, Carl Wernicke, shi ya fara bayyana wannan ciwo a 1881, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa. Mutum uku ya gani, dukansu sun mutu. Biyu mashaya ne. Ta ukun wata budurwa ce da ta sha ruwan asid, mashigar abincinta ta lalace, ta yi ta amai. A riƙe labarin budurwar nan, zan dawo kansa. Alamu uku ya lissafa, waɗanda har gobe ɗaliban likitanci ke haddacewa: ruɗewa, tangaɗi, da matsalar ido, ko dai ƙwayar idon ta riƙa rawa, ko ta kasa juyawa gefe, mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu.

Matsalar haddar nan ita ce yawancin masu ciwon ba sa zuwa da alamun uku a tare. A 1986 Clive Harper da abokan aikinsa a birnin Perth na Ostareliya suka koma kan takardun mutum 131 waɗanda binciken gawa ya tabbatar suna da ciwon. Kashi 80 cikin 100 ba a gane suna da shi ba lokacin da suke raye. Kashi 16 kacal suka nuna alamun nan uku gaba ɗaya. Wannan fa a ƙasar da mutum zai zauna gaban likita ya faɗi adadin kwalaben da yake sha ba tare da ya sunkuyar da kai ba, a asibitocin da ba a ɗauke wuta. To ina ga garin da tambayar "yana shan giya?" kanta zagi ce, kuma ba a yin binciken gawa sai in 'yan sanda sun matsa? Ba mu da alƙaluma, amma rashin alƙaluman ba shaidar rashin ciwon ba ne. Namu masu ciwon ana binne su ne da sunan taifod, ko hawan jini, ko jifa.

Na ga abin nan a gidanmu. Ɗan kawuna ne, ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa. Bakanike ne da ake layi a garejinsa. Kowa a dangi ya san yana sha, ba wanda ya taɓa furtawa. Ya kwanta da amai, aka ce shawara ce, aka jiƙa saiwoyi. Da ya ƙi ci aka kira yaron kemis na unguwa ya ɗaura masa ruwan suga leda bayan leda, don ya samu ƙarfi. Maimakon ƙarfi sai ya fara sambatu, in ya miƙe sai ya buɗe ƙafafu yana dafa bango. Aka ce iska ce, aka kawo mai ruƙiyya. Sai da ya daina gane 'ya'yansa aka sa shi a mota.

Likitan da ya karɓe mu matashi ne. Ya ɗaga ɗan yatsa a gaban fuskar Yaya ya ce ya bi shi da ido kada ya juya kai. Da yatsan ya yi dama, idon dama ya tsaya a tsakiya ya ƙi tafiya, na hagun kuma ya riƙa fizga yana dawowa. Likitan ya juyo wajen Kawu.

"Baba, yana shan wani abu?"

"Subhanallahi! Ɗana, wannan jikan malamai ne. Ko sigari ba ya sha."

Likitan bai ce komai ba, ya fita. Matar Yaya ta ja mayafi ta bi shi har baranda. Ina kusa, na ji ta. "Likita, don girman Allah ka rufa mana asiri. Yana sha. Tun kafin a kawo ni gidan yake sha." A daren aka aika ni neman tayamin na allura, na yi ta zagaya manyan kemis-kemis na gari kafin na haɗa abin da aka rubuta.

Ruwan sugan da aka yi ta ɗura masa a gida, da kyakkyawar niyya, shi ya ƙara tura shi rami. In aka ba ƙwaƙwalwar da tayamin ɗinta ya kusa ƙarewa suga mai yawa, ɗan abin da ya rage take ƙonewa da sauri, kamar a danna totur a injin da baƙin mai ya tsiyaye. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce, duk wanda ake zargin yana cikin wannan hali, a haɗa masa tayamin tare da ruwan sugan. Ba a cewa a hana suga ga wanda sugansa ya faɗi, wannan ma kisa ne nan take. A dai ba da su tare. Kuma ƙwaya ba ta wadatarwa a wannan mataki, don hanjin mashayi ba ya tsotsar ta yadda ya kamata. Allurar nan mai ruwan ɗorawa da ake tsiyayawa cikin ledar ruwa don ta yi kala, a ce an sa bitamin, abin da ke cikinta sau da yawa bai kai ko kusa da abin da ake buƙata ba.

Idon Yaya ya daidaita cikin 'yan kwanaki. Tafiyarsa ta ɗauki makonni, har yanzu in zai juya sai ya yi a hankali. Ruɗewar ta washe, ya gane kowa, muka yi hamdala. Sai muka lura da wani abu. Ka shiga ka gaishe shi, ku yi hira, ka fita ka sayo ruwa ka dawo, ya tarbe ka da "A'a, ƙanena, yaushe a gari?" Ka tambaye shi ko ya karya, ya ce ai yanzu ya dawo daga gareji, ya ci waina wajen mai wainar bakin titi, har wani Alhaji ya kawo masa fijo mai matsalar kafireta. Mutumin da ke kwance a gadon asibiti da allura a hannu. Ba ya kame-kame, ba ya kau da ido, shi a wajensa haka aka yi.

Wannan shi ne kashi na biyu na ciwon, wanda likitan Rasha Sergei Korsakoff ya yi rubuce-rubuce a kansa daga 1887. Wuraren da suka lalace su ne waɗanda sabon abu ke bi kafin ya zauna a ƙwaƙwalwa. Tsohon karatu na nan, sana'ar hannu na nan, Fatiha da alwala na nan, amma abin da ya faru minti goma da suka wuce ya bi iska. Giɓin da ya samu sai ƙwaƙwalwar ta cike shi da guntayen tsofaffin ranaku. Dangi da yawa a nan suke yanke ƙauna, su ce da ma mashayi maƙaryaci ne, ga shi ciwo bai sa ya daina ba. Ba ƙarya yake yi ba. Mai ƙarya ya san gaskiyar da yake ɓoyewa.

Maurice Victor da Raymond Adams da abokin aikinsu a Amurka sun bi marasa lafiya 245 masu wannan ciwo, suka fitar da sakamakon a 1971. Kusan kashi 17 cikin 100 sun mutu tun a farkon ciwon. Cikin waɗanda suka rayu, sama da kashi 80 sun faɗa irin mantuwar Yaya. Amma ga inda nake so a tsaya: cikin masu mantuwar, wajen mutum ɗaya cikin biyar ya warke sarai, wajen ɗaya cikin huɗu bai samu wani sauƙi ba, sauran kuma sun samu sauƙi, wasu mai yawa wasu kaɗan. Wato mafi yawansu sun motsa daga inda suke. Ciwon nan ba irin mantuwar tsufa ba ne da kullum sai gaba. In an daina sha, an ci abinci, an ci gaba da bitamin, sauƙin kan ci gaba da zuwa har shekara ɗaya ko biyu.

Akwai wasu cututtukan biyu da ba a cika gani ba, amma labarinsu na koyar da abu ɗaya. A 1903 likitocin Italiya biyu, Ettore Marchiafava da Amico Bignami, waɗanda duniya ta fi saninsu da aikinsu a kan zazzaɓin cizon sauro, suka buɗe ƙwaƙwalwar wasu maza uku mashaya jar giyar inabi mai araha, suka tarar gadar jijiyoyin da ta haɗa ɓarin dama da na hagu ta ruɓe daga tsakiya. An daɗe ana zaton ciwon Italiyawa ne da irin giyarsu, daga baya aka same shi a ko'ina, da kowace irin giya. Mai shi kan zo da ruɗewa, harshe ya yi nauyi, gaɓoɓi su sandare, wani da jijjiga, wani ya zarce doguwar suma. Wanda ya farfaɗo za a iya sa masa makulli a hannun hagu idonsa a rufe ya kasa faɗin sunan abin, a mayar hannun dama ya faɗa nan take, don saƙon ba ya tsallakawa. Shekaru da dama an ɗauka duk wanda ya kamu sai kabari, dalili kuwa a wajen gawa kaɗai ake gane shi, wanda ya warke ba a san shi ya yi ba. Da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki ta zo aka fara ganin ciwon a kan rayayyu, lissafin ya canja. A 2014 Matti Hillbom na ƙasar Finlan da abokan aikinsa suka tattara labarin mutum 153 da aka gano ta hoto, suka ga waɗanda aka ba tayamin cikin mako biyun farko sun fi waɗanda aka makara samun sauƙi.

Ɗayan kuma Adams da Victor da Elliott Mancall suka bayyana shi a 1959 a kan mutum huɗu. Shi wannan abin takaicinsa, daga baya aka gano magani ne ke jawo shi. Mashayin da ba ya cin abinci gishirin jininsa, wato sodiyam, kan sauka ƙasa sosai a hankali, ƙwaƙwalwa ta saba da hakan. In aka zo aka mayar da gishirin da gaggawa, sai rigar kitsen da ta lulluɓe jijiyoyin kututturen ƙwaƙwalwa ta saɓule. Mutum zai fara nuna ya ji sauƙi, bayan kwana biyu zuwa shida ya kasa haɗiya, ya kasa magana, hannu da ƙafa su mutu, wani ya rage ido kawai yake iya motsawa alhali yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. Don haka likitoci ba sa yarda gishirin ya hau fiye da maki 8 zuwa 10 a awa 24, kuma sai ana aunawa ana sake aunawa. A tuna da haka duk ranar da aka ce a kira wani ya ɗaura ruwa a gida. Shi ma wannan da an ɗauka ba a tashi, yanzu an san da yawa suna miƙewa in an yi haƙurin jinyar watanni, ana juya su, ana ciyar da su ta roba, ana gashi.

To mu ina muke kai namu? Mai ruƙiyya tukuna, sannan mai magani, in abin ya ƙi a ce a kai shi gidan mari ya horu. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, bayan nan aka buɗe irinsa a Daura da wasu garuruwa. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu saboda shaye-shaye, kuma ban ɗauki iyayen nan mugaye ba, sun rasa yadda za su yi ne. Sai dai wanda jikinsa ya saba da giya shekara da shekaru, in aka kulle shi aka yanke masa rana ɗaya, bayan kwana biyu zuwa huɗu zai iya shiga karkarwa da gumi da gane-gane, yana ihun ga macizai a bango, har da jijjiga. Wannan hali yana kisa, kuma a asibiti akwai magungunan da ake saukar da mutum da su lafiya. A ɗakin da aka kulle shi kuwa, ihun nan shi za a kafa hujja da shi a ce ga aljanin ya fara magana. Ni ban hana kowa addu'a ba, muna yi wa Yaya tofi har a gadon asibiti, ba nas ɗin da ta hana. Abin da nake ƙi shi ne a ci makon farko a ɗakin malam, makon da ƙwaƙwalwar ke da sauran damar dawowa. Kuma ba asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware za a fara nufa ba. Sashen gaggawa na babban asibitin da ya fi kusa, nan ne wurinsa. Asibitin ƙwaƙwalwa zai biyo baya, lokacin da za a yi maganar raba shi da kwalba.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mana a fuska: shi ya jawo wa kansa, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gaskiya ne shi ya jawo. Mai ciwon suga da ya ƙi barin lemon kwalba ma shi ya jawo, ɗan acaɓan da ya yi gudun wuce sa'a ya karye ma haka, ba mu taɓa tsayawa a ƙofar asibiti muna tantance wanda ya cancanci a ɗora ba. Ga kuma abin da Bukhari ya ruwaito game da wani sahabi mai suna Abdullahi, wanda ake yi wa laƙabi da Himar, mai ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dariya. An sha kawo shi saboda giya ana yi masa bulala. Wata rana wani ya ce Allah ya la'ance shi, sau nawa ake kawo shi! Annabi ya ce kada ku la'ance shi, wallahi abin da na sani yana son Allah da Manzonsa. An zartar da hukuncin, amma ba a yarda a fitar da mutumin daga cikin jama'a ba. Mu kuwa mun ƙirƙiro wani hukunci da babu shi a littafi, mu bar mutum ya rasa hankalinsa don kada maƙwabta su ji. Wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta riƙe abin da aka faɗa masa minti goma da suka wuce, ta yaya zai tuba ya riƙe tuban? Mai son ya ga mashayi ya shiryu shi ya fi kowa buƙatar a ceto masa wurin da shiriyar za ta zauna.

Tsoron da matar Yaya ta ji a barandar nan ba na banza ba ne. Tun da Zamfara ta fara a 1999 jihohi 12 suka bi tsarin shari'a, kuma haddin giya bulala 80 ne. Mutane na zaton abin da suka faɗa wa likita zai iya fita. A Maraɗi ko Damagaram ba a bulala, amma kunyar ɗaya ce. Ya kamata malamai su faɗa a kan mumbari, likitoci su faɗa a rediyo, cewa abin da aka gaya wa likita amana ce da aikinsa ya hana shi fitarwa, kuma faɗa masa ba tona asiri ba ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Su ma likitocin da sauran gyara a wajensu. Ba a yi wa dattijo irin wannan tambaya a gaban surukarsa da jikokinsa a sa ran jin gaskiya. A fitar da kowa, a tambayi matar ita kaɗai, ko abokin da ya kawo shi. In ma an musa, ba dole sai an samu iƙirari ba. Tun 1997 aka sassauta ma'aunin gane ciwon: in mutum na da biyu cikin huɗu, wato rashin cin abinci, matsalar ido, tangaɗi, ruɗewa ko mantuwa, a ɗauka shi ne a fara allura. Illarta kaɗan ce, in ban da wasu 'yan ƙalilan da jikinsu ke ƙin ta, wanda shi ya sa a asibiti ake yin ta.

Ga mai cewa ciwon da ba a cika gani ba bai kai a ɓata masa lokaci a ƙasar da maleriya ke kwasar yara ba, sai mu koma kan budurwar Wernicke, wadda ba ta taɓa kurɓar giya ba. Mace mai ciki da laulayi ya tsananta, ta yi makonni komai ta ci sai ya dawo, aka yi ta ɗaura mata ruwan suga ba bitamin, tana iya faɗawa wannan ciwon sak, kuma cikin kan zube. Haka mai ciwon daji da ya rame, mai tarin fuka ko ƙanjamau da ya daina ci, wanda aka yi wa aikin hanji, wanda ya fito daga daji bayan watanni a hannun masu garkuwa. A ƙasar Ijesha ta Jihar Osun an daɗe ana fama da wata karkarwa da tangaɗi da ke zuwa da damina, sai a shekarun 1990 likita Bola Adamolekun ya danganta ta da wata tsutsar itace da ake ci a lokacin, wadda ke ɗauke da sinadarin da ke rusa tayamin. Muddin ma'aikacin lafiya na ganin wannan ciwon 'yan giya ne, kuma yana ganin garinsu ba 'yan giya, to matar nan mai laulayi ita za ta biya kuɗin wannan zato. Ostareliya ta wajabta zuba tayamin a fulawar burodi tun 1991, ciwon ya ragu a can. Mu da yawancin tuwonmu daga injin niƙan unguwa yake fitowa, wannan hanya ba za ta kai mana ko'ina ba, dole sai dai a tare abin a asibiti.

Bayan an sallamo mutum kuma sai jinya ta gaskiya ta fara, a nan ne nake ganin muna da abin da wasu ƙasashen ke saye da kuɗi. A Holan akwai gidajen jinya na musamman don masu ciwon Korsakoff, irin cibiyar Slingedael da ke Rotterdam. Abin da suka dogara da shi bai wuce tsari ba: a tashi lokaci ɗaya, a ci abinci lokaci ɗaya, fuskoki iri ɗaya, kaya a inda aka saba ajiye su, kuma in za a koya wa mutum abu ba a barinsa ya yi ta cinka yana kuskure, a nuna masa daidai tun farko a yi ta maimaitawa har hannunsa ya riƙe ko da kansa bai riƙe ba. Gidan Bahaushe na da rabin wannan tun asali. Kiran salla biyar ya yanka wa Yaya yininsa, hanyar masallaci ƙafarsa ta san ta. Babban yaronsa ke karɓar kuɗi da yi wa masu mota magana a gareji, shi kuma in aka ajiye masa kafireta a kan benci sai ya warware ta ya mayar ba kuskure, ko da zai tambayi mai ita sau uku. An daina yi masa gardama in ya kawo labarin da bai faru ba, an daina yi masa jarrabawar "ka tuna wanda ya zo jiya?" An hana shi riƙe kuɗi da sa hannu a takarda, an kuma sallami abokan da ke zuwa dubiya da abu a aljihu, domin kurɓa ɗaya na iya mayar da aikin shekara baya, shi kuwa ba zai tuna an hana shi ba. Nauyin duk a kan matarsa yake, wadda har yau wasu a dangi ba su yafe mata maganar da ta yi a baranda ba.

Abin da nake nema a wajen kwamishinonin lafiya da shugabannin asibitocinmu bai kai gina sabon ɗaki ba. A sa tayamin na allura a kabad ɗin kowane sashen gaggawa da kowane ɗakin masu ciki, a rubuta a bango cewa duk wanda ya ruɗe ko ya daɗe yana amai a haɗa masa da shi kafin a san dalili, a kuma duba sinadarin maganiziyam na jininsa, don in shi ya yi ƙasa bitamin ɗin ba ya aiki sosai. A kuma sayo da yawa. Ƙa'idar da likitocin Birtaniya ke bi ga wanda ake zargin ciwon ya kama ita ce miligiram 500 ta jijiya, sau uku a rana, kwana biyu zuwa uku, sannan a rage. In 'yar kwalbar miligiram 100 ce, mutum ɗaya zai buƙaci 15 a yini, 45 a kwana uku. Asibitin da ya ajiye fakiti ɗaya mai guda goma bai ajiye na yinin mutum ɗaya ba.